Jarka Goma a Kan Kantar Hajiya

Akwatin gilashi na kiwon kifi ya shigo hannuna ne ta wani abokin aikina, mutumin kudu, da aka yi wa canjin wurin aiki daga Gashuwa. Ya rasa yadda zai kai shi garinsu, ya ce in zo in ɗauka. Ni kuwa tun da aka haife ni, duk kifin da na sani ko yana cikin miya ko yana kan wuta, sai na ga ya kamata kafin in bar duniya in mallaki wanda aikinsa yawo kawai. Na ɗauki a-kori-kura, muka shimfiɗa katifa biyu, na zauna a baya na rungume akwatin tun daga Gashuwa har Nguru. Wajen Jajimaji muka faɗa wani rami, na yi salatin da na tabbata an ji shi a Dapchi.

A falonmu wuri ɗaya ne ya dace da shi, kantar Hajiya, matata. Kanta ce ta siminti da aka zuba daga bango zuwa bango, tsawonta ya fi ƙato in ya miƙe, an manna mata tayil a sama, a ƙasa kuma an yi mata ƙofofin katako. A nan Hajiya take ajiye kwanukan jeren da ta gada daga mahaifiyarta. Da na faɗa mata niyyata ba ta yi musu ba. Ta kwashe kwanukan ɗaya bayan ɗaya ta kai ɗakinta, sannan ta ce ta ba ni sati biyu in gamsar da ita cewa kanta za ta ɗauka. In kuwa ta ga tsaga ko kamar silin gashi, akwatin zai koma bayan gida awakinta su riƙa shan ruwa a ciki.

Na kirawo maginin da ya zuba kantar. Ya ji haushin tambayar ma. Ya ce rodin da ya saka a ciki da gada aka yi da shi da tirela ta bi ta wuce. Ya tuɓe takalmi ya hau, ya yi tsalle uku, ya sauko yana kallona kamar na zagi kakansa. Don in ƙara samun natsuwa, bayan la'asar na gayyato 'yan majalisarmu, na zaɓi manya uku masu tumbi na jera su a kai. Akwai wani Bafulatani a cikinmu da ya nace sai ya hau, ni kuma Babarbare, na ce ya hau amma ba za mu sa shi a lissafi ba, don nauyinsa bai kai na sandarsa ba. Suka zauna suna lilo da ƙafa, suka sha shayi zagaye biyu. Kanta ko gezau. Na shiga ciki na yi wa Hajiya albishir, ta ce ta ji, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Washegari da safe na tare dattijon da yake kawo mana ruwa a kura. Shekara fiye da ashirin yana tura jarkoki a unguwarmu, Baba kowa yake ce masa. Na nuna masa akwatin na ce ya cika shi. Ya zagaya shi, ya auna da kamu, ya ce zai sha jarka takwas, ban da yashi da duwatsun da zan zuba. Na ba shi labarin ƙattin jiya cike da alfahari. Ya tambaye ni a ina suka zauna. Na nuna masa, sai a lokacin na lura duk sun raɓe ne ta gefe, inda suke jingina da bango.

"Alhaji, su da suka gama shayi sun tashi sun tafi gida," in ji shi. "Wannan ruwan in na zuba shi, a tsakiya zai zauna, kuma ba shi da gidan da zai koma."

Ya ƙi zubawa. Ranar ko abincin rana bai yi mini daɗi ba, don ina jin kukan awaki daga bayan gida kamar da ni suke.

Dabarar da ta biyo baya tawa ce, kuma duk wanda ya ce ba tawa ba ce mu haɗu a kotu. Na bi maƙwabta na aro jarkoki goma, takwas na ruwa, biyu a madadin yashi da gilashi. Baba ya cika su muka jera su layi biyu a daidai inda akwatin zai zauna. Kafin nan na yanko karan dawa, na daidaita shi daga daɓe zuwa ƙarƙashin simintin kantar ta tsakiya, yadda zai shiga ya fita ba tare da ya gogi komai ba. Kullum da safe in durƙusa in zaro shi in mayar. Rana ta farko lafiya, ta biyu ya ɗan yi ƙara. A rana ta uku kara ya ƙi fitowa, har ya ɗan lanƙwashe. Ido ba ya ganin komai, tayil ko ɗaya bai tsage ba, amma kanta ta fara sauka.

Muka sauke jarkokin da gudu, ni da nake shekara ban ɗaga buta biyu a tare ba. Na sake kiran magini, na miƙa masa karan. Ya juya shi, ya sosa ƙeya, ya ce rodi dai yana nan, sai dai tsakiyar ce ba ta da mai tallafe ta, don da aka zuba ta ba wanda ya ce masa za a kawo mata kogin Gashuwa. Ya gina ginshiƙai biyu na bulo a ƙasa, ya cika cikinsu da kankare, ya ce kada a ɗora ko cokali sai sun kwana bakwai.

Sati biyun Hajiya sun kusa cika, na je na roƙi ƙarin kwanaki kamar ɗan kwangila. Ta ba ni, ta ce saboda karan ne, ba don bakina ba. Muka mayar da jarkoki goma, na yanko sabbin karare uku, ɗaya a kowane tsakani. Kwana tara ina zarowa ina mayarwa, gwiwata har ta yi kanta ita ma. A rana ta tara na kira Hajiya na ce ta gwada da hannunta. Ta zaro na farko, ta zaro na biyu, na uku ma sai da ta gwada shi sau biyu. Ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

"To Malam, a zuba ruwan."

Baba ya zuba jarka takwas cif, yadda ya faɗa. Wani surukina masunci ya kawo mini ƙananan karfasa daga Dagona a cikin bokiti, ya kasa gane dalilin da zai sa mutum mai hankali ya ciyar da kifin da ba zai ci ba. Kafin azahar kwanukan jere sun koma ƙarƙashin kanta, Hajiya da kanta ta jera su tsakanin ginshiƙan. Na tsaya a gaban akwatin ina yi wa matan maƙwabta bayanin yadda na auna nauyin ruwa, na kai inda zan ce injiniyoyi ma sai sun zo ɗaukar darasi, sai Hajiya ta jawo kujera ta ce in matsa gefe, na tare mata kifi.