Shuɗiyar Wayar da Muka Kai Garwa

Ana sallame asuba muka bar Domayo, unguwarmu a Marwa, ni da direba da wani abokin aikina, ko shayi ba mu kurɓa ba. Kayanmu duka sabon suwic ɗaya ne a kwali, wato na'urar nan da layukan intanet ke haɗuwa a cikinta ta rarraba su, sai wata 'yar shuɗiyar waya, igiyar jona kwamfuta da suwic, da na cusa a aljihun gaba. Wallahi na fi tsoron ɓatan wayar nan a kan katin shaidata.

Ga abin da ya tashe mu. Wata injiniya ce a Garwa, ɗalibata a da, take kula da ɗakin na'urori na wani ƙaramin kamfanin intanet. Wanda ya tsara babban suwic ɗinsu ya rasu bara. Sai yanzu ta gano ma'ajiyar na'urar ta lalace, duk tsarin da marigayi ya yi yana nan ne kawai muddin tana kunne. In na'urar ta mutu sau ɗaya, shi ke nan, a fara daga farko, kuma kwastomomi ba za su jira ba. Ba a shiga cikinta sai da irin wannan waya, tata ta ƙone, ta zaga kasuwa ba ta samu ba. Ga iskar damina ta kayar da turken wutar unguwarsu, janareta kaɗai ke riƙe da su.

Hanyar Marwa zuwa Garwa kuwa sai wanda ya bi. Direba na kauce wa rami yana faɗa wa wansa. A shingen farko jandarma ya buɗe kwali, ya ƙare wa suwic kallo, ya ce rediyo ce? Na ce ƙanwarta ce. Ya yi dariya ya sake mu. A Figuil muka sayi ƙosai da tsire na sefa jaka ɗaya, muka ci mota na tafiya. Tsiren ya yi daɗi, in ji su. Ni ban ji ɗanɗanonsa ba, don a lokacin injiniyar ta kira ta ce janareta ya fara tari.

A Pitoa muka tarar da garken shanu ya cika titi, dillalai na tafe a baya suna ciniki hankali kwance. Na leƙo na yi masifa, wani dattijo ya dube ni ya ce, "Jam na?" wato "Lafiya?" da yarensu. Na mayar da kaina cikin mota.

Mun shiga Roumdé Adjia, unguwarsu a Garwa, rana ta take, gari kamar bakin murhu. A ƙofa muka iske mai kamfanin, wani Alhaji ɗan kasuwa wanda kakanninsa suka zo daga Kano, yana tsaye kan janareta, injiniyar ta tare gabansa.

"'Yata, inji ma yana son hutu," in ji shi. "A kashe shi ya sha iska, in ya ƙone wa zai saya?"

"Baba Alhaji, batur ba zai riƙe mu ba. Don Allah ka ba ni ɗan lokaci, ga malamina ya iso."

Ko gaisuwar kirki ban yi ba, Allah ya yafe mini. Na durƙusa gaban na'urar, na soka waya, na umarce ta ta zubo tsarinta cikin kwamfutata. Ta wannan waya rubutu ba ya sauri, layi-layi yake fitowa. Muna cikin haka janareta ya yi shiru don kansa, batur ya fara kuka. Yarinyar nan ba ta tambayi kowa ba, ta bi sauran na'urori tana kashewa, har fanka, don a bar wa suwic ɗin ragowar wuta. Gumi na ɗiga a kan maɓallai.

Marigayin ya sa wa kowane layi bayani da Hausa. "Kantin magani, kada a taɓa da rana." "Makarantar 'yan mata, a yi musu haƙuri." Tana karantawa ta bayana, na ji numfashinta ya canja. Layin ƙarshe ya fito, na adana, na sake adanawa a wani wuri. Ban ko miƙe ba fitilun na'urar suka ɗauke. Da aka tayar da janareta muka kunna ta, ta tashi fayau, tsarin ya goge, ba ta san kowa ba.

Kafin la'asar mun zuba tsarin a sabon suwic, layuka suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya aika aka kawo mana gasasshen kifin Binuwai, yana ta "useko, useko", wato godiya. Ita kuwa ta fita waje ta yi kukanta.

Washegari muka koma Marwa lafiya. Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, mutum yana iya yin aiki mai kyau shekara da shekaru, ya bar shi rataye da batur. Mai ɗakina ta tambaye ni tsaraba, na ce ta ɗan jira. Na wuce ofis, na zaunar da yaran da ke ƙarƙashina, na fara nuna musu duk abin da ni kaɗai na sani.