Baba Minshari Yana Bakin Aiki

Duk wanda ya taɓa bin layin masu katifa da ƙarfe biyu na rana ya san Baba Minshari, ko bai san fuskarsa ba ya san tafin ƙafarsa. Shekara talatin da ɗaya yana aiki a shago na uku daga bakin titi, kuma ba a taɓa jin ya jera wa mai saye magana uku ba. Da safe ya share ƙofar shago, ya kakkaɓe ƙurar ledojin katifu, ya jingina su da bango. In an tambayi farashi ya faɗa, in an nemi ragi ya nuna maigida da haɓa. Da ya ci abincin rana kuwa, sai ya jawo katifa ɗaya ya shimfiɗa a bakin ƙofa inda iska ke bi, ya tuɓe takalmi, ya kifa hula a fuska. Kafin minti biyar ka ji abin da ya jawo masa sunan.

Sai dai ba kowace katifa yake kwanciya a kai ba. In an sauke sabon kaya, wata yakan hau ya yi juyi biyu, ya ja tsaki ya sauka. Wata kuwa da ya miƙe sai dai a tashe shi. Matan unguwa sun daɗe da gano wannan. Mace za ta ce wa mijinta, "Ka je da ƙarfe biyu, wadda ka tarar da tsohon a kai, irinta za ka ɗauko." Kowa a layin ya san haka ban da mutum ɗaya, shi Baban. Shi a zatonsa satar barci yake yi, maigida kuma mutumin kirki ne mai kau da kai.

Da ciwon ƙafa ya zaunar da maigida a gida, sai ya miƙa wa 'yarsa shagon. Yarinyar da Baba ya sha saukewa daga kan tulin katifu tana tsalle-tsalle, ita ce ta dawo daga karatun talla da gilashi a ido, aka koma ce mata Manaja. Ba muguwa ba ce, sauri ne da ita, irin na wanda ya ƙosa ya nuna wa ubansa cewa karatun bai tafi a banza ba. A satin farko ta sa lasifika a ƙofa, ta buga wa ma'aikata riguna masu tambarin shago, ta yi odar mota guda ta wata sabuwar katifa mai ƙyalli. A sati na biyu ta gayyato wani ƙwararre da majiginsa.

Mai Majigi ya haska allo a jikin wata farar katifa, ya ce duk maganar talla a duniya salo huɗu ce. Akwai salon tsawa, wato ka firgita mai saye kafin ya yi tunani. Akwai salon lallashi. Akwai na hujja, ka cika shi da lambobi. Na huɗu labari ne mai taɓa zuciya. Ya raba takarda mai akwati huɗu, kowa ya zaɓi nasa. Baba bai zaɓa ba, don tun a salo na biyu, da fanka ta bugo shi, ya fara nasa salon na minshari.

Manaja ta kira shi bayan an watse. Ba ta iya kallon idonsa ba.

"Baba, don Allah ka taimake ni. Ba na so a ce ni na sallame ka. Amma daga yau babu kwanciya a shago. Ka ɗauki salo ɗaya cikin huɗun nan kafin ƙarshen wata. In bai yiwu ba, sai dai ka huta a gida."

"To, 'yata," in ji shi. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Tsoro ya kama shi sosai. Mutum ya haura sittin, ba wata sana'a a hannunsa, ina za shi? Ga matarsa, wadda duk gidan da ta shiga sai ta faɗa cewa ba don mijinta ba da shagon nan ya daɗe da rufewa. Da wane baki zai ce mata an kore shi saboda barci, ita da take zungurinsa da gwiwar hannu shekara talatin a kan wannan minsharin?

Ya fara da tsawa. Aka ba shi makirufo da takardar da zai karanta, ya buɗe murya: "Ku saya yau kafin ta ƙare." Wani mai wucewa ya tsaya ya ce, "Ta kusa ƙarewa ne, Baba?" Baba ya manta bakinsa na kan makirufo, ya ce, "Ina fa, sito cike yake, ko wurin sa ƙafa babu." Layin gaba ɗaya ya ji.

Ya koma lallashi. Mai Majigi ya ce murmushi shi ne rabin ciniki, don haka Baba ya yashe haƙora ya tsaya a kan wata mata bai ce uffan ba, har ta tausaya masa ta kwatanta masa wani mai cire haƙori a bayan tasha. Hujja kuwa kwana ɗaya ta yi. Ya haddace kauri da nauyin soso, da ya zo gaban mai saye sai lambobin suka cakuɗe, ya ce wa mutumin katifar inci goma ce kuma za ta yi masa shekara shida da rabi a tsaye.

Labari ne ya fi ba shi fata, don dai yana da guda na gaskiya. Wasu ango da amarya suka shigo, ya dafa katifa ya ce, "Wani maƙwabcina ya sayi irin wannan. Tun da ya saya bai ƙara kukan baya ba. A kanta ma ya cika, ko motsi bai yi ba." Amarya ta ja hannun mijinta, ko sallama ba su yi ba.

Ana cikin haka ciniki ya yi sanyi, Manaja ta rasa dalili. Mutane na zuwa da ƙarfe biyu kamar da, su leƙa, su ga Baba a tsaye cikin matsattsiyar riga, idanu jajur, su juya. Ranar ƙarshen wata wata malamar makaranta ta zo ta zauna a benci, ba ta taya komai ba. Manaja ta tambaye ta wacce take so.

"Jira nake tsohon ya kwanta," in ji malamar. "Mahaifiyata ce ke fama da ciwon baya. Ba zan saya mata wadda bai yi barci a kai ba."

Manaja ta saki baki. Ta buga wa Mai Majigi waya, kafin rabin awa ya iso yana haki, yana cewa wannan ai wani babban salo ne, ya ambaci sunansa da Turanci mai tsawo. Nan take aka shimfiɗa sabuwar katifa mai ƙyalli a bakin ƙofa, wadda mota guda ke jibge a sito ba a sayar da ko ɗaya ba. Aka saita waya don ɗaukar bidiyo. 'Yan layi suka taru.

"Baba, kwanta ka yi barcinka," in ji Manaja cikin murna. "In ka yi wannan, magana ta ƙare, aikinka na nan."

Mutumin da ya yi sati uku yana gyangyaɗi a tsaye, aka ce ga katifa. Ya tuɓe takalmi, ya miƙe, ya kifa hula. Ya juya dama. Ya juya hagu. Barci ya ce bai san zancen ba.

Mai Majigi ya sunkuyo ya raɗa masa, "Ba sai na gaske ba, Baba. Ja minsharin kawai, minti ɗaya."

Abu ne mai sauƙi, kuma Baba ya san shi ne tsakaninsa da zaman gida. Har ya ja numfashi zai fara, sai ya hango ta ƙarƙashin hula ƙafafun malamar, ta miƙe ta matso tana buɗe jaka. Ya tuna tsohuwar da bai taɓa gani ba, da bayanta. Ya tashi zaune.

"'Yata, ki yi haƙuri. Wannan sama ce kawai mai laushi, cikinta fanko ne. In mutum ya yi wata biyu a kanta tsakiyar za ta lotsa, ya riƙa tashi kamar an yi masa duka. Bakina zai iya yi miki ƙarya in kin matsa, bayana ne ba ya iyawa."

Tun da aka kafa shagon ba a taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. Ya sa takalminsa, ya cire rigar tambari ya ninke ta a kan benci.

Kunya da haushi suka rufe Manaja. Ta kira mahaifinta a gaban kowa, ta saki muryar wayar don Baba ya ji hukuncinsa daga sama. Maigida ya saurara har ta gama, sannan ya yi dariya har da tari.

"Ke kin zaci shekara talatin sadaka nake yi? Duk katifar da ya yi wa tsaki, washegari nake mayar wa kamfani. Ban taɓa gaya masa ba ne don kar ya sani barcin ya lalace. Mayar da kayan nan, ki ba shi haƙuri."

Baba ya tsaya riƙe da hularsa. Shekara talatin da ɗaya yana jin kunyar mutumin nan, yana ganin kansa ɓarawon lokaci, ashe shi ne tallan shagon. Daɗi ya kama shi, har da ɗan jin haushi.

Da ya ba matarsa labari, cewa ta yi, "Ai na daɗe ina faɗa. To tunda aiki ne, ka riƙa barin minsharin a shago, nan ba mai saye."

Washegari malamar ta dawo da ƙarfe biyu. Baba ya jawo wata katifa ta tsohon samfuri marar ƙyalli ya shimfiɗa a bakin ƙofa. Manaja da kanta ta kashe lasifika. Wani direba ya tsaya yana danna hon, ta fita da sauri ta ɗaga masa hannu.

"Malam, a hankali don Allah. Baba yana bakin aiki."

Yana jin ta ta ƙarƙashin hula. Ran nan sai da ya yi minti goma cur kafin barci ya ɗauke shi, don sai da ya jira hawayen da ke zubo masa suka tsaya.