Yadda Na Raba Gandunmu a Takarda

Ƙamshin gasasshiyar masara da ke shigowa ta tagar ofishina duk damina shi ke mayar da ni gidanmu na bayan garin Ƙarfi. Ilimin zamantakewa nake koyarwa a jami'a, kuma ɗalibaina sun san halina. Ba na tambayarsu ma'anar iyali, cewa nake kowa ya rubuto mini labari a kan gidansu. Bari in gaya maka inda na samo wannan ɗabi'a, don ba da daɗi na same ta ba.

Gidanmu gandu ne. Kaka ne mai gida, 'ya'yansa biyu, Baba da wansa Baffa, suna noma gona guda, a zuba hatsi a rumbu guda, a ci daga tukunya guda. Baba Kirista ne tun yana makarantar mishan, Baffa ya musulunta yana saurayi, Kaka kuwa ya ce shi ya tsufa da canjin hanya. Sai ya kafa doka: ran Juma'a Baba ya nome kunyoyin Baffa har ya dawo daga masallaci, ran Lahadi Baffa ya rama. Ni ce mai kai musu kunu. Har yau ina ganin Baffa shi kaɗai a tsakiyar dawa, gumi har ƙugu, ƙararrawar coci na tashi daga nesa, yana mita wai wa'azin fasto ya fi huɗubar liman tsawo, cutarsa ake yi.

Ina 'yar shekara goma aka raba gandun. Ba wanda ya gaya mini dalili. Na dai ga Kaka da igiya yana awo a gona, daga baya aka ja dangar kara a tsakar gida, Inna ta fara ɗora tukunyarmu daban.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, malaminmu ya ce mu rubuta labari a kan rushewar gandu. Abin da ban sani ba sai na cike shi da abin da na karanta a littattafai. Na sa addini ya raba 'yan'uwan. Na sa babban, wani mai gemu, ya ce ba zai ƙara cin tuwon tukunyar ƙanensa ba. Labarin ya yi armashi, malam ya karanta wa aji, kaina ya kumbura.

Na zo hutu lokacin girbi, na tarar da Baba da Baffa a gindin mangwaro suna ɓarar masara a tabarma guda. Da ina da hankali, wannan kaɗai ya isa ya sa in mayar da takardar jaka. Amma na canza sunaye, na ɗauka shi ke nan. Na karanta musu har ƙarshe, ina jiran yabo.

Baffa ya ajiye masarar hannunsa. "Ɗiyata, wannan mai gemun naki, ni ne?"

"Labari ne kawai, Baffa."

"A can makarantar taku, mutum nawa suka ji shi?"

Na ce aji guda. Ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a," ya karkaɗe rigarsa ya shige gida.

Baba bai yi mini faɗa ba, gona ya kai ni. Ya ce bakuna ne suka yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, Kaka ya raba gonar tun da ransa don kada a yi rigima a bayansa. Baffa ne babba, shi aka ba zaɓi. Ya ɗauki fako, ya bar wa ƙanensa fadama, wai ƙanen yana da ɗiya mai ƙwaƙwalwa. "Raken fadamar nan," in ji Baba, "shi ya kai ki inda kika rubuta wancan." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Kwana uku na yi ina sake rubutu, ina tambayar Inna da gwaggonnina abin da ya kamata in tambaya tun farko. Na kai wa Baffa, na durƙusa na karanta. Ya saurara yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ya yi. Ni na yafe. Amma ki kai wa waɗanda suka ji na farkon."

Zangon karatu ya riga ya ƙare, malamin ya bar makarantar, aji ya watse.

Yanzu yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganin gandu ba. Gidajen da suke rubutawa na haya ne, uba a Abuja, uwa a Funtua, zumunci a waya. Sharaɗina guda ne: kafin ka kawo mini labari, ka karanta shi a gaban wanda ka saka a ciki. Wasu suna cewa na cika tsanani. Duk shekara ina karanta wa sabon aji labarin Baffa na gaskiya, kuma suna jin daɗinsa. Amma Baffa ya rasu, waɗanda suka ji na farkon kuwa ban san inda suke ba. A wurinsu har yau shi ne mutumin da ya ƙi tuwon ɗan'uwansa.