Zanzaro a Kwamfutar Injiniya

Injiniya ake ce masa, alhali ko ƙofar jami'a bai taɓa takawa ba. Shekara talatin da biyu ya yi a wata ma'aikatar buga takardu, kuma shi ya fara ɗora yatsa a kan kwamfutarsu ta farko, wata ƙatuwa mai ƙeya kamar tukunya. A lokacin har manya sai sun yi sallama suke shiga ɗakinsa. Da sababbi suka zo, aka jefa ta sito, shi kuma aka sallame shi da agogon bango. Agogon ma wata uku ya yi ya tsaya.

Kwatsam, bayan shekaru, sabon manaja ya aiko. Ma'aikata za ta cika shekara hamsin, za a baje tsofaffin kaya, ya zo ya ɗan kimtsa tsohuwar kwamfutar. Ɗan kimtsawa fa aka ce! Amma bawan Allahn nan ya sa a ransa shi zai kunna ta a gaban jama'a, a san wani ya taɓa zama a wurin.

Ya kai ta gida. Zanzaro ya cika cikinta da gidajen laka, fanka ta cushe, kowane rami ga tsutsa ga busasshen gizo-gizo. Mako uku yana duƙe da allura da tsohon buroshin haƙori da auduga, yana jiƙa lakar kaɗan-kaɗan don kada ta ɓalle da waya.

"Baba, idonka fa," in ji 'yarsa.

"Bar ni, uwata. Su gani tukuna."

Ranar da koren rubutu ya fito a gilashin, sai da ya yi ƙwalla. Ya sa aka goge masa babbar riga.

Da ya mayar da ita ma'aikata, manaja na leƙa cikinta ya dafe kai. "Haba, Baba! Ina gidan zanzaron?"

"Na cire shi tas, yallaɓai. Ta tashi. Bari in kunna ka gani."

"Wa zai kalli wannan? Hoton gidan ne ya zagaya wayoyin mutane, shi za a zo gani. Wallahi ka ɓata mana shiri."

Bai ma bari an jona ta ba. A gaban tsohon ya sa masinja ya mayar da ita sito, ya ajiye ta bakin taga a buɗe, da kwanon jiƙaƙƙiyar laka a gefe, ko zanzaro zai dawo kafin ranar bikin.

Abin ya ci Injiniya har cikin rai. Ya tsaya a ƙofar siton riƙe da buroshinsa, ba wanda ya ce masa sannu.

Katin gayyata bai zo ba. Masinja ne ya faɗa masa a hanya, wai kullum da safe manaja da kansa yake zuwa duba ko zanzaron ya iso.