Kawu Iliya da Fitilun Inna Habsu

Duk wanda ya san Kawu Iliya a Matameye ya san ba ya fita gida sau ɗaya. Zai kai bakin titi, ya tsaya cak, ya juyo. Ya leƙa madafa ya tona toka da ƙafa, ya shafa wayoyin kuran, wato lantarki, da bayan hannu, ya kashe kwantar, wato mitar wutar gidan, gaba ɗaya, sannan ya tafi masallaci. In ka yi magana ya ce, "Wuta ba ta sallama." Ni Rabi, 'yar ƙanwarsa, na yi faɗa da shi a kan wannan hali har na gaji, ban taɓa cin nasara ba.

To, gidan wannan bawan Allah ɗansa Lawali ya aiko da fitilu masu canza launi daga Kano, inda yake cin rani, ana tsakiyar azumi. Don uwarsa ya aiko. Inna Habsu, matar Kawu, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta gane fuska, sai haske mai ƙarfi. Lawali ya kira ni ya ce, "Yaya Rabi, bana ba zan samu zuwa ba. A rataya mata su, ko launi ta gani ta san an yi Sallah." Tun daga ranar Inna ke tambaya ko an sa.

Kawu ya tsaya nesa da kwalin ya ce, "Me yaron nan ya aiko?"

Na yi masa bayani.

"Ja, ya koma kore, ya koma shuɗi? Ni da hawainiya ba ma zama gida ɗaya!"

Ya kai kwalin gindin darbejiya ya kife shi da daro. Na ce ai ko jonawa ba a yi ba. Ya ce, "Ke kin san abin da suka zuba a ciki?"

A gaskiya tsoronsa ba na banza ba ne. Lokacin zafi ne, zanar gidan ta bushe ƙayau, ga rumbun gero jingine da ita. Ni ma gabana yana faɗuwa, amma tausayin Inna ya fi ƙarfi. Da naci da magiya ya yarda a rataya su a katangar waje, ta bakin titi, nesa da rumbu. Telekomand kuwa, ɗan abin da ake kunna su da shi daga nesa, ya ce ba mai taɓa masa.

Bayan an sha ruwa ya yi bisimilla ya danna. Wayyo! Katanga ta kama walƙiya, ja da shuɗi, ja da shuɗi. Masu sayar da fetur a kwalabe a gefen titi suka ɗauka motar jandarma ce, suka kwashi kaya suka ranta a na kare. Kawu na ganin mutane na gudu bai tsaya tambaya ba, ya ƙwala ihu, "Gobara!" ya jefar da telekomand ya bi bayansu. Sai ga maƙwabcinmu Alhaji Mutari da bokiti, yana neman inda zai watsa.

Da Kawu ya dawo yana haki na ce, "Kawu, ka gudu ka bar Inna a ɗaki?"

"Taimako na je nema, 'yar nema!"

Inna ta ɗaga murya daga ciki, "An sa ne? Ni ban ga komai ba."

Washegari ya ce kore kaɗai za a bari, shi ne launi mai natsuwa. Ya samo koren, amma ya rasa inda ake hana shi ƙyaftawa. Kun kuwa san a ƙasar nan koren fitila mai ƙyaftawa alamar farmasi ce, wato shagon magani. Ba a jima ba wani mutumin Kance ya tsai da babur, hannu dafe da kumatu.

"Salamu alaikum, akwai maganin haƙori?"

"Nan gida ne!"

"To me ya sa kuka kunna?"

Bayansa wata tsohuwa ta zo neman maganin tari, ta ce ita ba inda za ta, ga alama tana gani. Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Rabi, in ta faɗi a ƙofar gidana fa, me zan ce wa danginta?" Shi ya raka ta har farmasin gaskiya. Da ya dawo ya sauke fitilun kakaf, ya ce direban da ya kawo su shi zai mai da su Kano.

Ranar raina ya ɓaci sosai. Na ce masa, "Kawu, tsoronka ya fi maka matarka." Na koma gidana ina tunanin abin da zan faɗa wa Lawali, ga Sallah ta ƙarato.

Ran jajibere da safe ina wurin Inna, ta ce wa Kawu a hankali, "Malam, kuran aka ɗauke ne kwanan nan?"

Ya ce, "A'a."

Ta ce, "To, ba komai."

Da la'asar na dawo da lalle, na tarar da gida kamar ana shirin yaƙi. An kai awaki maƙwabta, an jiƙa zana sharkaf, an lulluɓe rumbu da jiƙaƙƙun buhuna, ga bokitan yashi a jere. Fitilun kuwa suna rataye a saman ƙofar ɗakin Inna, da hannunsa ya kafa ƙusoshin. Ya tsai da Alhaji Mutari, dattijo da gemunsa, a gindin kwantar, ya ce masa, "Alhaji, ko sunan hayaƙi ka ji, kashe!"

Bayan magariba ya miƙo min telekomand. "Danna wanda suke canzawa a hankali. Ni ba zan iya ba."

Na danna. Inna tana zaune a tabarma, fuskarta a sama. Na zuba mata ido har na fara karaya. Can ta ce, "Wannan ja ne." Ta ƙara matsowa. "Kore... Kai, shuɗi! Malam, irin na zanen da ka sayo min a Damagaram!"

Kawu na tsaye da bokitin yashi, gumi na zuba. "Habsu, ba kya jin ƙauri?"

"Ba na jin komai. Zauna ka gani mana."

"Ke dai gani. Ni gadi nake."

Amma ba fitilun yake gadi ba, ita yake kallo. Na ga hawaye na bin kumatunsa, na ce, "Kawu, kuka kake?"

Ya ce, "Wane kuka? Hayaƙi ne."

Alhaji Mutari na jin haka ya kashe kwantar, ɗif! Gida ya yi duhu. Inna ta fashe da dariya har da tari. Sai muka ji muryar Kawu, shi da ya kwashe rayuwarsa yana kashe wutar gidan nan, yana ihu, "Wa ya ce ka kashe? Kunna mata, Alhaji! Kunna mata!"

Sallar da ta biyo baya ba da shi aka yi ba. Allah ya ji ƙan Kawu Iliya, ya kwantar masa da hankalin da bai samu ba a duniya, ya haskaka kabarinsa da hasken da ba ya ƙuna. Amin.