Anti Haɓa da Mutumin Roba

A sashen gaggawa babu mai kiranta da wani suna sai Anti Haɓa. Ta sami sunan ne saboda duk mara lafiyar da aka shigo da shi a sume, kafin ta tambayi abin da ya faru, yatsunta biyu sun riga sun shiga ƙarƙashin haɓarsa sun ɗaga. Shekara talatin da ɗaya tana aikin nas. Da safe ba ta amsa gaisuwar kowa sai ta kunna injin zuƙe majina ta ji ƙararsa, ta matsa jakar hura iska ta tabbatar ba ta huje ba. Mu ƙananan nas-nas muna cewa a bayan idonta ta fi ganin girman inji a kan mutane.

Abin da ke cin ranta guda ɗaya ne, wato mu. Dukkanmu mun ci jarrabawa, mun haddace cewa numfashi ne farko. Amma ta ce iliminmu a ka ya tsaya, bai sauko hannu ba. Mutumin da ya suma, in ji ta, harshensa ne ke komawa baya ya toshe maƙogwaro, kuma ko oksijin ɗin duniya ka ɗora masa, banza ne in hanya a rufe take. In hatsari ne ba a lanƙwasa wuya, muƙamuƙi ake turowa gaba. Ta faɗa mana wannan har bakinta ya gaji.

Abin haushin, asibitin na da mutum-mutumin roba da aka kawo musamman don koyon wannan aiki. Yana kabad ɗin ofishin Metiron, shugabar nas-nas, cikin ledarsa, wai kada mu lalata shi. Sau biyu na taɓa ganinsa, duka ranar da baƙi suka zo duba asibiti. Anti ta rubuta takarda ta kai sau shida tana roƙon a fito da shi. Kullum amsar ɗaya ce, za a duba.

Saura kwana uku ta yi ritaya, da hantsi, aka shigo da wani dattijo da ya suma a banɗaki. Yana wani irin minshari mai nauyi, 'yarsa ta cusa masa filo biyu don ya ji daɗin kwanciya. Mu uku muka rufa a kansa. Ɗaya ta ɗora masa oksijin, ɗaya na laluben jijiya, ni kuma, kunya ba za ta hana ni faɗa ba, ina naɗa masa abin awon jini. Anti na tsaye hannu a baya. Daga baya ta ce ƙirge take yi a zuci, ko Allah zai sa ɗayanmu ta tuna. Da ta kai biyar ta ga leɓensa ya fara canja launi, sai ta ture ni, ta fizge filon, ta ɗaga haɓar. Nan take minsharin ya ɗauke, ƙirjinsa ya soma tashi sosai.

Ba ta yi mana faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Kallonmu kawai ta yi ta ce, "Ranar Litinin ba na nan. Wa zai ɗaga masa?"



Ranar bankwana aka jera kujeru a ɗakin hutu, Metiron ta yi dogon jawabi, ta ce Anti ta faɗi duk abin da take so a yi mata. Anti ta ce makullin kabad. Aka yi dariya, an ɗauka wasa take. Da aka ga ba ta dara ba, Metiron ta ce ai makullin yana hannun mai kula da sito, shi kuma ya tafi hutu.

Na ga lokacin da ranta ya ɓaci, don hancinta ya buɗe yadda yake yi in an ɓatar mata da almakashi. Ta miƙa mini jakarta, ta cire ɗankwalin sabon leshinta, ta hau dogon bencin da muke cin abinci a kai ta miƙe rigingine, gaban manya da ƙanana.

"To, ga wuyana," ta ce, "wannan ba a leda yake ba. Ku zo ɗaya bayan ɗaya. Ke mai awon jini, fara."

Na sa yatsuna a ƙarƙashin haɓarta. Ta kama hannuna ta gyara masa zama, idonta a rufe, ta ce in sake.