Ayar da Ta Sa Na Raba Zannuwana

Jama'a, ina nan da raina. Na daɗe ban ce uffan a nan ba, har wasu na tambaya ko ƙauye na koma. A'a, asibiti na kwanta.

Da jiri abin ya fara, da jinin al'ada da ya ƙi tsayawa. Sai ciki ya soma tasowa. Matan da muke sayar da busasshen kifi tare a kasuwar Roumdé Adjia suka dinga yi mini barka. Ni mai jika!

Ranar da na faɗi a kan kwandon kifi, maigidana, Baban Iliya, ya ɗora ni a moto, wato babur, sai asibiti. Aka ɗibi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya ce, "Madam, ba jariri ba ne, ƙari ne a mahaifa. Sai an yi aiki, kuma jininki ya yi ƙasa sosai."

Kuɗin aikin ya cinye jarina kaf. Zumuntar matan cocinmu ce ta cika sauran.

To, ina da wata al'ada. Kowace safiya nakan rufe ido in buɗe Littafi Mai Tsarki, ayar da yatsana ya sauka a kai, da ita zan yi addu'a. Shekara da shekaru muna zaune lafiya da wannan dabara.

Ana gobe aiki, ina kan gadon asibiti, na yi yadda na saba. Yatsana ya dira daidai inda annabi ya je wurin wani sarki marar lafiya, ya ce masa ya shirya gidansa, mutuwa zai yi.

Na rufe littafin kamar ya ƙone ni.

Na ce shi ke nan, amsa ta zo. Na kira Baban Iliya na yafe masa komai, har da abin da bai san na sani ba. Na ce wa yayata Saratu, mai jinyata, ta kwashe zannuwana na ƙasan akwati, na ba ta.

Ta ce, "Rahila, wa ya ce za ki mutu? Likita?"

Na nuna mata wurin. Ta sa tabarau, ta karanta, ta ci gaba da karantawa, sannan ta dube ni.

"Ke, a nan kika tsaya? Ai mutumin bai mutu ba! Bango ya juya wa fuska ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara goma sha biyar. Har magani aka shafa masa."

Gadona a jikin bango yake. Na juya. Kalmomin addu'a masu daɗi duk suka gudu. Na ce, "Ya Ubangiji, tsoro nake ji. Ka ji kukan sarki, ka ji na mai kifi." Na yi kuka sosai. Da na natsu, na ƙara da cewa, in da hali, a ɗan ɗora mini a kan sha biyar ɗin.

Aka nemi jini, Baban Iliya ya bayar, ya miƙe zai nuna jarumta, ya zube. Nas biyu suka bar ni suka koma kansa.

Washegari aka yi aiki. Na farka da ƙishirwa da zafin ɗinki, Yaya tana riƙe da hannuna. Da bakina ya buɗe na ce, "Yaya, maganar zannuwan nan fa?"

Ta ce, "A gaban mijinki kika ba ni."

Da ɗaya daga ciki ta zo coci ranar da na yi godiya. Ya yi mata kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Na gode wa Allah da ya tashe ni. Na gode wa likitoci, da matan zumunta, da duk wanda ya kawo kunu. Useko, kamar yadda maƙwabtana Fulani ke cewa.

'Yan'uwana mata, jinin da ya ƙi tsayawa ba abin kunya ba ne, ku je a duba ku da wuri. In kuma za ku yi addu'a da aya, ku karanta abin da ke gabanta da na bayanta. Ni yanzu babi guda nake karantawa, ido a buɗe.

Ranar Litinin zan koma kasuwa. Likita ya hana ni ɗaukar kaya, don haka Baban Iliya ne zai ɗauko kwandon kifi a ka. Ku zo da wuri ku gani.